Ɗaurin Babbar Mota a Jikin Tanti

Shekara talatin da huɗu Baba Direba ya yi yana jan babbar mota, kuma ko buhu ɗaya bai taɓa faɗo masa a hanya ba. Wannan magana ya faɗe ta a tasha, ya faɗe ta a shagon aski, ya faɗe ta a asibiti ranar da ake gwada masa hawan jini, har sai da ma'aikaciyar ta roƙe shi ya yi shiru na'urar ta samu ta yi aikinta. Sirrin, in ji shi, yana wajen ɗauri. Akwai wani ƙulli da ya koya tun yana yaron mota, wanda idan ya ja shi ya taka da ƙafa ya tsuke, ko motar ta kife kayan suna nan manne da ita.

Yanzu dai an ajiye babbar mota. Gwiwa ta ƙi, ido ma sai da tabarau. Abin da ya rage masa wata tsohuwar bas ce mai kujera goma sha huɗu, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta sama an lallashe ta. Saboda bas ɗin nan ne 'yan sikawut na makarantar jikansa suka nemi ya kai su zangon daji na kwana ɗaya. Shi kuwa ya ɗauka labarin basirarsa ne ya kai kunnen manya.

Ana gobe tafiya ya leƙa gidan 'yarsa, ya tarar ta shimfiɗa bargo a kan teburin cin abinci tana goge rigar yaron.

"Baba, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

"Zauna dai. Ka san wannan ce jarrabawarsa ta uku?"

Ya zauna. Ta jingine dutsen guga ta yi masa bayani dalla-dalla. Lamba ce ake nema, ta shugaban rukuni, wadda ake ɗinkawa a hannun riga. Sau biyu yaron yana shiga, sau biyu yana faɗuwa, duk saboda lokaci ya ƙure masa. Wata mai zuwa zai cika shekara goma sha shida a sallame shi daga ƙungiyar yara, daga nan babu sauran dama. Wata uku ya yi yana kafa tanti da zanin gado a tsakar gida yana saukewa, ƙanwarsa na riƙe masa agogo.

"Kuma dokarsu ɗaya ce, Baba. Babba ba ya sa hannu. Ko turke ɗaya ka taɓa, an soke masa. Kai tuƙi kawai aka ce ka yi."

"To ni me na ce?"

"Ba ka ce komai ba tukuna. Shi ya sa na riga ka."

"Haba, 'yar nan. Ni da na yi shekara talatin da..."

"Da huɗu, na sani. Ko buhu ɗaya. Ka yi min alkawari kawai."

Ya yi alkawari. Alkawari bai taɓa yi masa wuya ba. Ya sha gaya wa masu kaya cewa kafin rana ta faɗi yana ƙofar shagonsu.

Yaron kuwa Sannu-Sannu ake ce masa, daga gida har makaranta. Ba wawa ba ne, ko kusa. Sai dai idan zai ɗaure takalmi, sai ka ce takardar sayar da gida zai sa wa hannu. Yana zaune a ƙasa yana jera turaku a cikin jaka, ya ɗago ya dubi kakansa.

"Kaka, ka taho da kujerarka mai naɗewa. Akwai inuwa a wurin."

"Wato in je in zauna."

"Eh."

Wurin zangon fili ne a gindin wani dutse, ga rafi ta gabas, ga bishiyoyi jefi-jefi. Rukuni uku aka tara daga makarantu uku, kowane da yara takwas da tantinsa. Shugaban 'yan sikawut ɗin su Sannu-Sannu wani malamin lissafi ne mai ƙatuwar murya da siraran ƙafafu, wanda ya sa gajeren wando ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Baba Direba ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai don mutunci. Amma mai iko da wurin wata doguwar mata ce mai furfura, wadda aka turo daga hedikwata ta yi jarrabawar. Agogo a wuya, usur a baki, allo da takarda a hammata. Yara na kiranta Madam Agogo, amma ba a gabanta ba.

Abu na farko da ta yi, ta ja layi a ƙasa da dundunniyar takalmi, daga wata bishiya zuwa wata.

"Manya, nan ce iyakarku."

Baba Direba ya buɗe kujerarsa a bayan layi. Mutumin da ya sha ƙetare shingen hanya da takardun da ba su cika ba, yau ga shi zanen takalmi ya tsare shi.

Daga nan ya kalli yadda jikansa ke kafa tanti. Gaskiya yaron ya iya tsari: igiya takwas, yara takwas, kowa da tasa, ba ihu ba rigima. Amma da Baba ya gyara tabarau ya dubi ƙullin da suke yi, sai ya ɓata fuska. Wani ɗan ƙulli ne mai zamewa, ana tura shi sama da ƙasa da yatsa biyu kamar zoben labule.

Ya taɓo malamin lissafi. "Malam, wannan abin da suke yi ɗauri ne ko gaisuwa?"

"Da gangan ne, Baba. Ka ga ita irin igiyar nan, idan..."

"Na san igiya. Akwai wata shekara da na ɗauko siminti buhu ɗari shida, damina ta yi tsakiya..."

Malamin ya saurari siminti har ƙarshe, bai sake samun hanyar komawa kan igiya ba.

Bayan cin abincin rana aka kwashi yaran duka aka tafi zagayen dutse da taswira, malamai da Madam na biye da su. Baba Direba aka bar wa gadin kaya, saboda gwiwa. Ba su yi awa ɗaya da tafiya ba sai hadari ya fara haɗuwa ta bayan dutsen, baƙi ƙirin, irin wanda ke zuwa da iska a gaba. Tantin jikansa ya fara kaɗawa kamar rigar da aka shanya.

Da farko dai dubawa kawai ya je yi. Dubawa ba sa hannu ba ce. Ya tsallake layin, ya waiwaya, babu kowa sai wata akuya can nesa, ita ma ba ruwanta da doka. Ya taɓa igiya ɗaya da ɗan yatsa, ta yi lilo. Ya ce a ransa: yara takwas ne za su kwana a ƙarƙashin abin nan, 'ya'yan mutane. In iska ta kwashe shi, wa za a tambaya? Ai wannan ya wuce maganar jarrabawa, maganar rai ce. Baba Direba bai taɓa rasa hujja ba, matuƙar ya riga ya yanke abin da zai yi.

Ɗaya kawai zai gyara, ta ɓangaren da iska ke zuwa. Ya zare ɗan ƙullin yaran, hannunsa ya shiga aikin da ya saba: zagaye biyu, murɗa, a cusa, a ja, a taka da ƙafa. Igiyar ta miƙe gal. To, da ɗaya ta tsaya haka, sai sauran bakwai suka zama abin kunya. Kafin ya ankara ya gama da takwas ɗin, har ya ɗauko sifanar taya daga bas ya ƙara nitsar da turakun cikin ƙasa. Ya ja ciyawa ya rufe ƙullayen. Ya bugi jikin tantin da tafin hannu, ya ba da sauti kamar ganga. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da ya sauka daga babbar mota.

Ya share sawunsa da reshe, ya koma kujera, har ya ɗora hula a fuska kamar mai barci.

Yaran suka dawo a guje, yayyafi na korarsu, tsawa na tashi. Baba ya ji muryar jikansa yana cewa, "Malam, igiyoyi! Ba mu sassauta ba!"

"Kowa ciki!" in ji malamin. "Ba mai fita cikin tsawar nan!"

Sassautawa, ana hadari. Baba Direba ya girgiza kai a ƙarƙashin hula, ya gode wa Allah da ya sa ya zo.

Ruwa ya kwana yana zuba, shi kuwa ya kwana a kujerar bayan bas yana munshari. Da gari ya waye, tantin rukuni ɗaya yana kwance a ƙasa, yaran na shanya barguna a kan duwatsu. Na rukuni na biyu ya karkace kamar mai ciwon wuya. Na su Sannu-Sannu kuwa yana tsaye cak, ko lanƙwasa babu. Baba ya zagaya bayan layi da kofin shayi, hannu ɗaya a baya, yana tari don a lura da shi.

"Yaranmu sun yi ƙoƙari," in ji malamin lissafi.

"Jini ne," in ji Baba Direba.

Sannu-Sannu kaɗai ne bai yi murna ba. Yana tsaye a kusurwar tantin yana kallon wani ɗinki da ya buɗe kamar tsawon taƙi. Ya sunkuya zai duba gindin igiyar ke nan, usur ya tashi.

Madam Agogo ta karanto sharaɗi. Kowane rukuni zai sauke tantinsa, ya ninke, ya kwance igiyoyi takwas ya naɗe su babu ƙulli ko ɗaya, ya tattara turaku, komai ya shiga jaka cikin minti goma sha biyar. Wanda ya yanka igiya ya faɗi. Ta danna agogo.

Yara takwas suka ruga, kowa ya durƙusa a gaban igiyarsa. Sai kuma duka takwas suka tsaya cik.

Akwai wani ɗan ƙarami a cikinsu da ake kira Rediyo, don ba a taɓa samun makashinsa ba. Shi ya fara magana. "Shugaba, wannan ba ƙullina ba ne. Nawa ya haihu da dare."

"Ja ta ƙasa," in ji wani.

"Ina ƙasan? Wannan ba shi da ƙasa!"

Igiyar ta sha ruwa ta kumbura, ƙullayen sun zama kamar dunƙulen hannu. Masu sa farce na sawa, masu sa haƙori na sawa. Sannu-Sannu ya janye hannunsa. Ya dubi ƙullin, ya dubi na kusa da shi, sannan ya ɗaga kai ya dubi inuwar manya. Kallo ɗaya ne, bai fi ƙiftawar ido ba. Baba Direba ya sauke kofin shayinsa.

"A bar ƙulli," in ji Sannu-Sannu. "A tone turaku."

Dabara ce mai kyau. Da hannu da guduma suka tone turakun da aka nitsar da sifana, tantin ya kwanta, suka ninke shi tsaf. Amma ƙullayen na nan a jikin igiyoyi, takwas cif. Sauran rukunoni suka gama suka jeru. Usur ya sake tashi.

Madam ta zo a hankali, ta ɗaga igiya ɗaya ta juya ta a hannu kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Har Rediyo ya sunkuyar da kai.

"Ni ne shugaba, Madam," in ji Sannu-Sannu. "Tantina ne."

"Ban tambaye ka tantin wa ba ne." Ta zaro guntuwar igiya daga aljihu ta miƙa masa. "Tunda naka ne, ɗaura min irinsa in gani."

Yaron ya karɓi igiyar ya riƙe. Bai ɗaura ba, kuma bai sake duban inuwa ba.

Baba Direba ya fara lissafi, irin wanda ya saba yi idan an ɗaga masa hannu a hanya. Hanyoyin fita suna da yawa. Ana iya cewa iska ce ta tsuke igiya. Ana iya cewa yaran wani rukuni ne suka yi ɓarna. Ana iya yin shiru ma, wanda shi ya fi sauƙi: a rubuta cewa lokaci ya ƙure wa yaro, karo na uku, kuma wa zai yi mamaki? Sunansa ma ya riga ya yi bayani. Kuma ya san jikansa, ko shekara za a yi ba zai tona shi ba. Wannan sanin ne ya hana shi zama.

Ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara, duk aka waiwayo.

"Ranki ya daɗe, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni na ɗaura. Duka takwas. Yaron bai sani ba." Ya cire hula. "Na ga hadari ne."

"Su ma sun ga hadari. Shi ya sa aka koya musu ƙulli mai zamewa. Kai, gaya wa kakanka."

Sannu-Sannu yana kallon ƙasa ya ce, "Irin igiyar nan in ta jiƙe tsukewa take yi, Kaka. Sai an sassauta, in ba haka ba ta yaga tanti."

Malamin lissafi ya buɗe baki, ya tuna siminti, ya rufe.

"To," in ji Madam. "Tunda kai ka ɗaura, bismilla. Tsallako ka kwance mana."

Nan fa Baba Direba ya ɗan samu ƙarfin gwiwa. Ko ba komai za su ga aiki. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki ƙullin da ya ɗaura sau dubbai a rayuwarsa. Ya juya shi. Ya ja nan, ya ƙara tsukewa. Ya ja can, ko gezau. Ya sake juya shi, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

A nan, a durƙushe cikin taɓo, yara ashirin da huɗu na kallonsa, wani abu ya faɗo masa wanda bai taɓa faɗo masa ba. Shi fa bai taɓa kwance ƙullin nan ba. Ko sau ɗaya. Direba ɗaurewa yake yi a wajen lodi, don shi za a tambaya in kaya sun zube. Amma in an isa, sai ya sauko ya miƙa takarda, ya wuce wajen mai shayi ya ɗora ƙafa kan benci. Kwancewa aikin 'yan dako ne. Shekara da shekaru yana jiyo su daga nesa suna buge-buge suna zage-zage, ya ɗauka halinsu ne.

"Kaka," in ji Rediyo cikin ladabi, "ko dai wani ne ya ɗaura maka kai ma?"

Yara suka fashe da dariya. Malamin ya daka tsawa, amma shi ma kafaɗarsa na rawa.

"Ban iya ba," in ji Baba Direba. Ya faɗa a hankali, sai Madam ta kama kunne. Ya sake faɗa da ƙarfi. "Na ce ban iya kwancewa ba."

Ta buɗe allonta ta ja dogon layi a kan takarda. Ƙarar biron nan har cikin haƙoransa ya ji ta.

"Na soke. Doka ce."

"Madam," in ji malamin, "wannan ce damarsa ta ƙarshe."

"Na sani, ni na kayar da shi sau biyu." Ta dubi agogo. "Doka ta ce a soke jarrabawar da babba ya sa wa hannu. Ba ta ce kada a yi wata ba. Motata za ta tashi sha biyu daidai. In igiyoyin nan takwas sun kwance kafin lokacin, ba yanka, su sake kafa tanti su sauke a gabana. Minti goma sha biyar, ko daƙiƙa ba zan ƙara ba."

Ƙarfe tara da rabi ta wuce. Sannu-Sannu ya zauna a ƙasa ya ɗora igiya a cinya, ya daɗe yana kallonta, har Baba ya ji kamar ya yi ihu. Can ya ɗago.

"Madam, zai iya ɗaurawa a gabana in kalla? A kan tasa igiyar."

Ta yi tunani. "A bayan layi. Kallo ba laifi ba ne."

Baba ya ɗauko igiyar jan mota daga ƙarƙashin kujera, ya tsaya a bayan layi, jikansa a gaban layi. Zagaye biyu, murɗa, a cusa, a ja. An gama.

"Ban ga komai ba. A hankali, Kaka."

Ya sake, a hankali. Da ya zo wajen murɗawa sai ya tsaya. Hagu ne ko dama? Ya kalli hannunsa, hannun ya kalle shi. Ashe duk shekarun nan hannun ne ya sani, shi dai rakiya yake yi. In ya saki hannu ya tafi da gudu, ƙulli ya fito. In ya ce zai bi shi a hankali, sai ya ɓata a hanya.

"To yi da sauri," in ji yaron. "Amma ka yi ta yi."

Ya yi ta yi. Sau biyar ya ɗaura a jikin igiyar, ƙulli bayan ƙulli, yaron ya tsura ido ko ƙiftawa ba ya yi. A na biyar ya ce, "Tsaya. Wancan da ka cusa na ƙarshe, ta ƙarƙashi ya bi?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ta ƙarƙashi ya bi."

Yaron ya koma wajen igiyoyin tanti ya ɗora ƙulli ɗaya a kan dutse, ya ɗan bubbuga shi da guduma har ya yi laushi, ya sa tsinin turke a wani lungu da ba wanda ya lura da shi, ya fara ɓanɓara. Minti arba'in ya yi a kan na farko. Baba ya ƙirga su duka a jikinsa. Da igiyar ta saki, yaron bai yi ko murmushi ba, ya kira sauran ya nuna musu lungun. Na biyu minti goma. Daga nan aka ji guduma ta ko'ina, Rediyo na zagin igiyarsa da irin kalmomin da Baba ya tabbata ya taɓa jiyo su a bakin 'yan dako yana zaune wajen mai shayi.

Sha ɗaya da kwata igiya ta takwas ta kwance. Suka sake kafa tantin da ɗan ƙullinsu mai zamewa. Ya ɗan karkata ta hagu, Baba ya gani, bakinsa har ya motsa.

Madam ta nuna shi da biro. "Kai, dattijo. Cikin mota. Ka rufe ƙofa, ka fuskanci can."

Ya shiga ya zauna a gaban sitiyari, ya fuskanci dutse. Amma ba ta ce komai a kan madubi ba. Ya sa hannu ta taga ya gyara na gefe har zangon ya shigo ciki, ƙanƙani, komai a juye. Ya ji usur. Ya ga 'yan mutane takwas sun durƙusa, ya ga tantin ya kwanta kamar an hure shi. Ya ga ana ninkewa. Ya ga an buɗe an sake ninkewa, saboda wani gefe bai yi wa jikansa daidai ba.

"Bar shi haka, ɗan nan!" ya ce wa madubi. "Cusa kawai!"

Ya duba agogonsa, sai ya tuna bai lura da lokacin da aka fara ba. Ya ga ana naɗe igiya, ya ga Rediyo yana rarrafe cikin ciyawa yana neman wani abu, turke ne ko mene ne. Madam ta ɗaga agogo kusa da fuska. Usur.

Daga madubi ba a gane komai. Yara na tsaye a jere, Madam na rubutu, malamin na sosa ƙeya. Sai ga Sannu-Sannu ya nufo bas, yana tafiyar nan tasa kamar ƙasar aro ce. Baba ya kusa karya marikin taga kafin ya iso.

"Yaya?"

"Saura daƙiƙa ashirin."

"Saura a ci ko saura a faɗi? Yi magana, ɗan nan!"

"Ta sa hannu."

Baba Direba ya jingina da kujera ya rufe ido. Da ya buɗe, idonsa ya sauka kan hannun yaron da ke dafe da taga. Yatsun duk sun sale, farce ɗaya ya tsage har yana jini.

"Kawo in gani."

"Ba komai. Ta ce in gaya maka wani abu."

"Ina ji."

"Ta ce baɗi makaranta ta nemi wani direban. Kuma ɗinkin tantin, kai za ka kai wa tela."

"Ta yi adalci," in ji Baba. Ya gyara hula, ya leƙa ya tabbata sauran yaran sun yi nisa da kwasar kaya. Sannan ya janyo igiyar jan mota daga kujerar gefe, mai ƙulli biyar a jere, ya rage murya. "Zo nan. Ina ne lungun?"

Yaron ya nuna masa da yatsan da bai ji ciwo ba. "Nan. Ka tura, kada ka ja."

Ya ja.

"Ka tura, Kaka."

Ya tura. Ya sa makullin mota, makullin ya fara lanƙwasa. Ya sa haƙori, ya tuna saura nawa gare shi, ya fasa. Yara suka cika bas da jakunkuna da warin jiƙaƙƙen bargo, malamin lissafi ya shigo gaba ya zauna yana kallon abin da ake yi.

"Kaka, in taimaka?" in ji Rediyo daga baya.

"Zauna, kafin in sauke ka a nan."

Ya ƙara gwadawa sau ɗaya, gumi na ɗiga daga hancinsa. Sannan ya cusa igiyar ƙarƙashin kujera da ƙullayenta biyar, ya miƙe makullin a bakin ƙofa, ya tayar da mota.